Mota ta mutu, makina 634, dila ya ce 21 cikin ɗari: in je kiredit yuniyon?

Maman Ilham (Kolombos):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ya sanyi? Shawara nake nema, don Allah duk wanda ya san kan abin ya taimaka. Nan Amurka nake, jihar Ohayo. Motata ta mutu ranar Talata ina hanyar dawowa daga aiki, ƙarfe shida da rabi na safe, ga dusar ƙanƙara tana zuba. Bakanike ya ce giyabos ne, kuma kuɗin gyaran ya fi kuɗin motar. Aikin dare nake yi, kula da tsofaffi a gidajensu, bas kuma ba ya shiga unguwar a wannan lokacin. Yau kwana huɗu Uber nake hawa, kusan rabin abin da nake samu a hanya yake ƙarewa.

Jiya na je wurin wani dila na ga Corolla 2017 ta hannu, dala 14,500, da haraji da kuɗin takardu ta tashi 16,000. Ina da 2,000 a ajiye, ke nan rancen 14,000 nake buƙata. Ya duba ya ce makin kiredit ɗina, wato makin da ake auna yadda mutum yake biyan bashi, 634 ne, wai matsakaici ne, ba mai kyau ba ba kuma mara kyau ba. Ya ce zan riƙa biyan dala 343 da 'yan kai duk wata. Sai da na tambaye shi sau biyu kafin ya faɗa mini wata 72 ne, kuɗin ruwa 21 cikin ɗari. Na ce zan yi shawara, ya ce motar ba za ta kai gobe ba. Wata abokiyar aikina 'yar Gana ta ce in je kiredit yuniyon. Ni dai banki na sani. Mene ne bambancin? Kuma da wannan makin za su kula ni kuwa?

Baba Direba (Buronks):
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki sa hannu. Shekara ashirin da biyu ina tuƙi a ƙasar nan, duk dilan da na shiga wurinsa sai ya ce da ni "ba za ta kai gobe ba". Ki koma bayan sati biyu za ki same ta a ajiye, ƙanƙara ta rufe ta.

Injiniya (Marilan):
Maman Ilham sannu da wannan jarabawa. Bari in fara da lissafi, don shi ne abin da dila ba ya son ki yi. Dala 14,000 a kan 21 cikin ɗari na wata 72, duk wata 343 da rabi. Ki ninka sau 72: dala 24,732. Wato kuɗin ruwa kaɗai 10,732, an kusa sayen wata motar. Yanzu a ce wani wuri ya ba ki a kan 11 cikin ɗari na wata 60: duk wata kimanin 304, jimilla 18,264, kuɗin ruwa 4,264. Kin ga na wata ya ragu, shekara guda ta ragu, dala dubu shida da ɗoriya sun zauna a aljihunki. In kuma wata 48 ne, 362 a wata, kuɗin ruwa 3,368. Ba cewa nake 11 ɗin za su ba ki ba, misali ne kawai don ki ga girman ramin.

Shi dila tambayarsa ɗaya ce kullum: nawa za ki iya biya a wata? Da kin amsa, ya gama da ke, sai ya ja watanni har lambar ta yi daidai da abin da kika faɗa. Kuma sau da yawa bankin da zai kai takardarki yana ba shi farashi ɗaya, shi ya ɗora nasa a kai kafin ya faɗa miki, bambancin nasa ne.

Anti Nas (Hustan):
Ƙanwata, ki je yuniyon ɗin. Motata biyu duk ta can na saya, ta farkon makina ma bai kai naki ba. Bambancinsu da banki shi ne masu ajiya su ne masu shi, ba wasu masu hannun jari a waje da ake tara wa riba ba. Kamar dai ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata da muke da su a gida, wadda ake cire wa mutum kuɗi a albashi, in azumi ya zo a ba shi shinkafa da sukari bashi. Sai dai wannan tana da lasisi, tana da na'urar cire kuɗi, kuma a mafi yawansu hukumar NCUA ta gwamnatin tarayya tana tsaya wa ajiyar mutum har dala 250,000, daidai da na banki. Dole ki fara zama mamba. Yawanci dala biyar ake sawa a asusun ajiya, shi ke nan kin shiga. Wasu na ma'aikatan wani wuri ne kawai, wasu kuma duk wanda yake zaune ko yake aiki a yankin yana iya shiga. Ki tambayi kamfanin da kike wa aiki ko suna da wadda suke hulɗa da ita.

Abin da ya fi min daɗi: mutum kike zama da shi, ya buɗe takardunki a gabanki. Ni matar ta tambaye ni me ya faru a watannin da na yi latti, na ce lokacin da na tafi gida rasuwar mahaifiyata ne. Ta rubuta. Ban ce shi ya sa suka ba ni ba, amma an saurare ni.

Injiniya (Marilan):
Ƙari a kan maganar Anti. Wadda take da rajistar tarayya, za ki ga kalmar Federal a sunanta, doka ta ɗaure ta: kuɗin ruwanta a irin wannan rance ba ya wuce 18 cikin ɗari. Ke nan ko sun ba ki mafi muni, bai kai 21 na dila ba. Kuma ba su da ikon cin ki tara don kin biya bashin kafin lokaci. Masu rajistar jiha dokar jiharsu suke bi, sai ki tambaya.

Maman Ilham (Kolombos):
Na gode ƙwarai. To amma wani abu ya ɗaure min kai. A wayata manhajar duba maki ta Credit Karma 668 take nuna min, shi kuma dila ya ce 634. Wa ke ƙarya a ciki? Kuma ina jin tsoron in je wurare da yawa su yi ta dubawa makin ya ƙara faɗuwa.

Injiniya (Marilan):
Babu mai ƙarya, ma'auni ne daban-daban, kamar mudun Kano da tiyar Zariya. Credit Karma VantageScore yake nunawa, masu ba da rancen mota kuwa galibi FICO suke dubawa, wasu ma wani nau'in FICO na mota zalla wanda ya fara daga 250 zuwa 900. FICO na gama-gari 300 ne zuwa 850. Daga 580 zuwa 669 shi ake kira matsakaici, 670 zuwa 739 mai kyau. Kuma kamfanonin da ke tara bayanan uku ne, Equifax da Experian da TransUnion, ba lallai abin da ke wurin wannan ya zama yana wurin wancan ba.

Maganar dubawa kuma, in rancen mota ne, duk waɗanda suka duba cikin kwana 14 FICO yana ƙirga su ɗaya, sabon tsarinsa ma har kwana 45. Ki tara su cikin sati biyu ki huta. Amma kafin nan ki shiga shafin intanet na AnnualCreditReport ki ciro rahoton basussukanki na duka kamfanonin ukun, kyauta ne. Ki faɗa mana me kika gani.

Malam Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Salamu alaikum. Na karanta duka, kowa yana ta 21 da 11, ba wanda ya tsaya ya ce duka biyun sunansu ɗaya. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, aya ta 275 a Baƙara, ba a ce babba ko ƙarama ba. Don an canza wa wurin suna daga banki zuwa yuniyon bai canza hukuncin ba. Hajiya, ina tausaya miki wallahi, amma amana ce in faɗa.

Anti Nas (Hustan):
Malam, Allah ya saka da alheri, ba mai musun ayar. Amma baiwar Allah ce da yara, aikinta na dare, ba bas. In ta rasa aikin wa zai biya hayar? Ba malamai sun yi maganar lalura ba?

Malam Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Sun yi, kuma sun ce lalura gwargwadonta ake auna ta. Fatawar da mutane ke yawan kafa hujja da ita, ta majalisar fatawa ta Turai ta 1999, a kan gidan zama take, kuma ita ma malamai da yawa ba su yarda da ita ba. A ce ma mota lalura ce gare ta, na yarda. Lalurar ita ce abin da zai kai ta aiki ya dawo da ita. Shin sai ta dala 16,000? Ta 5,000 ba ta tafiya?

Baba Direba (Buronks):
Yauwa Malam, ka faɗi abin da ke bakina. Ni ban taɓa cin bashin mota ba. Camry tsohuwa, kuɗi hannu, in ta gaji in sake wata.

Injiniya (Marilan):
Baba, da girmanka, kai kana iya canza birki da kanka a bakin titi, kuma ka san bakanike goma a Buronks da za su duba maka a kan kuɗin shayi. Ita motar dubu biyar ɗin ce ta ajiye ta a kan hanya ranar Talata. Tun bayan korona kuɗin motocin hannu ya tashi, abin da dubu biyar ke saye a da ba shi take saye yanzu ba.

Abu Hanif (Kano):
Ikon Allah. Mu nan muna ganin kuna Amurka mota kamar ruwa, ashe ku ma da maki ake auna ku kamar 'yan jarrabawa. To ku ba ku da irin Jaiz ne? Nan tun 2012 suke aiki, su sayi motar su sayar maka da ribarsu a bayyane, ka biya a hankali. Murabaha ke nan.

Malam Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Akwai masu yi a nan ma, amma kaɗan ne, sun fi ƙarfi a harkar gidaje, kuma ba kowace jiha suke aiki ba. Su ma makin nan suke dubawa. Duk da haka Hajiya ta tambaya a masallacinsu, Kolombos akwai Musulmi da yawa, musamman 'yan Somaliya, sun daɗe suna fama da wannan tambayar. Kada ta ce babu alhali ba ta nema ba.

Hajiya 'Yar Zango (Buronks):
Ni duk wannan dogon turanci bai dame ni ba. Maman Ilham, ba kya adashi ne? Mu nan susu muke ce masa, mu goma sha biyu, dala 500 duk wata, kwasa 6,000. Da shi na sayi mota, da shi na aurar da 'ya a Kumasi. In kina cikin wani ki roƙi uwar adashi a ba ki kwasar wannan watan, wanda ke kan layi ya yi miki haƙuri. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Maman Ilham (Kolombos):
Hajiya ina ciki, amma namu ƙarami ne, mu goma, 300. Kwasata sai watan biyar. Zan yi wa uwar adashin magana. Malam na ji, kuma wallahi abin yana damuna, ba wai ban sani ba ne.

Injiniya na ciro rahoton. Kati ɗaya nake da shi, iyakarsa 1,000, akwai 870 a kai. Latti biyu shekara biyu da suka wuce. Sai wani bashin asibiti na dala 310 da aka kai wa masu karɓar bashi, a rahoto ɗaya kawai ya fito.

Injiniya (Marilan):
Alhamdu lillahi, matsalarki mai sauƙi ce. A lissafin FICO, biya a kan lokaci shi ne kashi 35, yawan bashin da ke kanki kashi 30. Lattin ya riga ya faru, sai dai ya tsufa, shekara bakwai yake yi kafin ya fita amma nauyinsa yana raguwa. Katin kuwa a hannunki yake. 870 cikin 1,000 kin cinye kashi 87, wannan shi ke danne ki. Ki sauke shi ƙasa da 300, in da hali ƙasa da 100, kafin ranar da suke rufe lissafin wata, don abin da ke kai a ranar shi suke aikawa. Ba ranar biya ba, ranar rufewa, ki duba takardar katin za ki gan ta.

Na asibitin kuma, tun 2023 kamfanonin uku suka daina sa bashin asibiti da bai kai dala 500 ba a rahoto. Ki rubuta musu ƙorafi, doka ta ba su kwana 30 su bincika. Cire shi daga rahoto ba yafe bashin ba ne, wannan tsakaninki da asibitin.

Sai dai duk wannan yana son sati uku zuwa huɗu, ke kuma Uber yana cin ki.

Kawu na Kolombos:
Maman Ilham ai gari ɗaya muke. Maman yara ta tafi gida sai bayan wata biyu, ga Sienna ɗinta nan a ajiye batir yana mutuwa a banza. Gobe zan kira masu inshora in sa sunanki, ki zo ki ɗauka. Ƙofar baya ta dama ba ta buɗewa sai an daki ƙasanta, ban da wannan lafiyarta ƙalau.

Maman Ilham (Kolombos):
Kawu! Wallahi na rasa abin faɗa. Allah ya biya ka da Aljanna, ya dawo da Anti lafiya.

Bawan Allah:
Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Tunda kowa yana yabon yuniyon bari in faɗi nawa, don kada ta shiga da ido rufe. Na karɓi rancen mota a wata yuniyon, na kuma karɓi katinsu. Shekara huɗu ban yi lattin mota ko sau ɗaya ba. Aiki ya tsaya min, na kasa biyan katin wata uku, amma motar na lallaɓa na gama biya. Na je karɓar takardar mallaka, aka ce ba za a sake ta ba sai na biya katin. Na ce ina ruwan kati da mota? Matar ta juyo min da kwamfuta ta nuna min wani layi a takardar da na sa wa hannu: duk abin da na jinginar wurinsu jingina ne ga duk wani bashi da suke bi na. Bayan haka kuma suka ɗebi abin da ke asusun ajiyata suka rage bashin, shi ma yana cikin takardar. Ba su zalunce ni ba a doka, ni ne ban karanta ba. Shawarata: ki karɓi rancen motar a can, amma kada ki haɗa musu mota da kati da albashi duka a tukunya ɗaya.

Anti Nas (Hustan):
Wannan gaskiya ne, nawa ma akwai layin. Allah ya sa ban taɓa faɗawa ba. Na manta da shi ne gaba ɗaya.

Ɗan Kwatano (Niwak):
Ni ma gargaɗi ɗaya daga ɓangaren sana'ata, ba don Maman Ilham kaɗai ba, don masu karatu shiru. Duk wata sai wani ya zo min da mota yana son in loda masa zuwa Kwatano ko Legas alhali bai gama biya ba. Kwastan na nan suna son ainihin takardar mallaka awa 72 kafin jirgi ya tashi, in kuma akwai sunan mai bashi a kai sai da rubutacciyar yardarsa, shi kuwa ba zai bayar ba. Motar ba taka ba ce sai ka biya sulen ƙarshe. Na biyu, wanda zai yi Uber ko Lyft da ita ya faɗa tun farko, ga masu rance ga masu inshora. Inshorar mota ta amfanin kai ba ta biya in hatsari ya same ka da fasinja.

Abu Hanif (Kano):
Ɗan Kwatano, wato Beljiyam ɗin da nake jira tun bara ba ta taso ba ke nan?

Ɗan Kwatano (Niwak):
Kai dai turo kuɗin kwastan tukuna, ka bar zancen.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan magana. Ciniki a koma akwatin sirri.

Maman Ilham (Kolombos):
To in na je me zan riƙe? Kuma wata ta ce in nemi wanda zai tsaya min, wai kuɗin ruwan zai sauka. Ina tunanin ƙanin mijina, makinsa ya haura 750.

Baba Direba (Buronks):
A'a. Kada ki fara. Na tsaya wa ɗan abokina a 2016, yaro mai ladabi, har gida yake zuwa gaishe ni. Wata tara ya biya ya koma Atlanta ya canza lamba. Ni aka bi. Wanda ya tsaya ba shaida ba ne, bashin nasa ne dukansa, duk lattin da aka yi a rahotonsa yake fita. Na biya kuɗin motar da ban taɓa zama a cikinta ba, ni da uban yaron kuma yau ko gaisuwa sai a Idi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni ko ladan ban ci ba. In kina son zumuncinki da dangin miji ya ɗore, ki bar yaron nan.

Anti Nas (Hustan):
Ki riƙe lasisin tuƙi, lambar soshiyal (Social Security), takardun albashi na wata ɗaya ko biyu na baya-bayan nan, da takardar wuta ko ta haya mai adireshinki. Masu ITIN, lambar haraji ta waɗanda ba su da soshiyal, su ma wasu yuniyon suna ba su, don masu tambaya. Ki ce amincewar farko kike so kafin ki zaɓi mota. Za su ba ki takarda: har nawa, a kan nawa cikin ɗari, wata nawa, kuma tana da wa'adi, ki tambayi kwana nawa. Ki tambayi iyakarsu a shekarun mota da mil, don kowace tana da nata, kuma mafi yawa ba sa ba da rance a kan motar da inshora ta taɓa yanke wa hukuncin ta mutu aka sake gyarawa. Ki tambaya ko suna rage wani abu in an bar su suna cire kuɗin kai tsaye duk wata. In sun hana ki, dole su ba ki dalili a rubuce, ki karɓa, yana da amfani.

Da takardar nan a jaka, ke mai kuɗi hannu ce a wurin dila. Magana ɗaya za ki yi da shi: nawa motar take in fita da ita, da haraji da komai? Ya rubuta miki. In ya ce zai ba ki rance ƙasa da na yuniyon, to madalla, ya nuna a takarda, watanni iri ɗaya. Akwai doka tun 1968 da ta tilasta a rubuta miki APR, wato kuɗin ruwa na shekara cikin ɗari, da jimillar abin da za ki biya kafin ki sa hannu. Waɗannan akwatunan biyu za ki duba.

Sannan ɗaki na biyu, inda ake sa hannu, nan ake yanka. Garantin ƙari, maganin tsatsa, inshorar taya, duk za a jero miki. Ki ce a'a har ya gaji. GAP ne kaɗai abin dubawa, shi ke cike giɓi in mota ta lalace gaba ɗaya alhali bashin ya fi darajarta, kuma ki tambayi farashinsa a yuniyon tukuna, ni can na same shi da sauƙi.

Injiniya (Marilan):
Kada a manta inshora. Mota mai bashi dole cikakkiya za ki yi mata, ba 'yar ƙaramar da doka ta wajabta ba. Ki ɗauki lambar VIN, harufa da lambobi 17 a ƙasan gilashin gaba, ki kira a faɗa miki kuɗin kafin ki saya. In kika bari ta yanke, masu rance za su saya miki tasu mai tsada su ɗora a kan bashin. Da VIN ɗin kuma za ki ciro tarihinta a Carfax ko AutoCheck. Kuma babu wani "kwana uku na canza ra'ayi" a sayen mota wurin dila, mutanenmu da yawa sun ɗauka akwai. In takardar da ke manne a gilashi ta ce As Is, da kin fita ƙofa duk abin da ya lalace naki ne.

Anti Nas (Hustan):
A ɗaga kafet a sansana. Bayan ambaliyar Harvey a 2017 motocin da suka sha ruwa a nan garin an wanke su an watsa su jihohi.

Baba Direba (Buronks):
Ku na Ohayo ba ruwa ne matsalarku ba, gishiri ne. Wanda ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe ta ƙasa, sama tana ƙyalli ƙasa ta zama wainar tsatsa. Ki biya bakanikenki, ba na dila ba, ya ɗaga ta sama ya shiga da tocila. Dilan da ya hana a kai mota dubawa ya riga ya ba ki amsa.

Maman Ilham (Kolombos):
Salamu alaikum, na dawo da labari, yau kwana ashirin da shida. Kuɗin Uber da motar Kawu ta tsare min da albashin sati biyu na zuba a katin, ya koma 190. Na asibitin sun cire shi. Uwar adashi ta yi magana, wadda ke kan layi ta bar min, na kwashi 3,000. Malam, na tambaya a masallaci, aka ba ni lambar wani kamfani, na kira suka ce ba sa yin mota a jiharmu.

Na shiga yuniyon biyu a rana ɗaya. Ta farko makin da ta gani 661, ta ce 13 da rabi. Ta biyu ta ce 11 in na yarda suna cira kai tsaye kuma bai wuce wata 48 ba. Bawan Allah, na nemi layin nan, yana nan a shafi na uku, sai da na sa ta karanta min shi. Sun yi min tayin kati na ce na gode.

Baba, Corollar tana nan inda na bar ta! Har dilan ya rage 600. Na kai ta wurin bakanike, dala 120, ya ɗaga ta ya kira ni in gani da idona. Ya sa sukundireba a wani ƙarfe kusa da tayar baya, sai ga shi ya shige kamar biredi, garin tsatsa yana zubo masa a hannun riga. Na mayar musu da makulli. A wani wurin na samu Corolla 2016 da aka kawo daga Jojiya, mil ɗinta ya fi yawa amma ƙasanta fes, komai da komai 14,000. Na ba da 5,000 kafin alƙalami, rancen 9,000, wata 36, duk wata 295. A ɗaki na biyu sau huɗu na ce a'a, har mutumin ya tambaye ni ko a harkar nake aiki.

Injiniya (Marilan):
Ma sha Allah. Kuɗin ruwanki gaba ɗaya wajen 1,607 ke nan, a maimakon 10,732. Duk abin da kika ƙara a kan 295 ki ce a sa shi a uwar kuɗi, kada su ɗauke shi a matsayin biyan watan gaba.

Malam Ɗan Damagaram (Girinsboro):
Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ra'ayina yana nan inda yake, Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Amma kin nema, kin kuma rage. Ki yawaita istigfari, in kuɗin haraji ya dawo miki a bazara kada ki yi wata hidima da shi, ki kai musu ki fita da wuri.

Maman Ilham (Kolombos):
In sha Allahu Malam, niyyata ke nan. Kawu, gobe bayan Azahar zan kawo Sienna, na cika tanki, kuma bakaniken ya gyara ƙofar, ashe wata 'yar waya ce ta tsinke.

Kawu na Kolombos:
Kash, kin ɓata min tsaro. Da wannan ƙofar nake hana yara fita a guje.

Sabon Zuwa (Indiyanapolis):
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Watana bakwai a ƙasar, na duba aka ce min ba ni da maki kwata-kwata, ba mai kyau ba mara kyau. Ni ta ina zan fara?

Anti Nas (Hustan):
Wa alaikas salam ɗana, barka da zuwa. Buɗe sabuwar magana ka sa wannan tambayar, ka faɗi irin aikin da kake yi da nisan wurin daga gida. Ina fitowa daga aiki ƙarfe bakwai zan same ka a can.